Ranar da Aka Kawo wa Baba Istifanus Motar Lantarki

A Kawo, bayan tashar mota, akwai wata darbejiya da ta sha baƙin mai har gindinta yana ƙyalli. A inuwarta Baba Istifanus ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran mota. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, da akwatin ƙarfe da takalmi ƙafa ɗaya, yana neman aikin masaƙa. Masaƙa ba ta ɗauke shi ba, sai wani tsohon bakanike ya ɗauke shi, a nan ya tsufa.

Sauran makanikai da hannu suke aiki, shi kuwa da kunne. Yana da wata doguwar sukundireba mai jan mariƙi. Sai ya dafa bakinta a jikin inji, ya kafa mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai jiyo waƙar Kirsimeti daga wata unguwa, sannan ya faɗi ciwon motar da inda yake. Da haka al'ada ta kafu a wurin direbobin tasi na Kawo: ba mai sayen mota, sabuwa ko ta hannu, sai Baba ya saurare ta. In ya ɗago ya ce, "Tana da rai," a saya. In ya goge sukundirebar a wandonsa bai ce uffan ba, mai mota ya juya da abarsa.

Sai dai akwai abin da Baba yake ɓoyewa. Shekara biyu ke nan kunnen nan ya fara ja da baya. A gida matarsa Kande sai ta kira shi sau uku, na ukun da ludayi a jikin tukunya. A coci yakan ce amin bayan kowa ya zauna. A gareji kuwa ya koma dogara da tafin hannunsa: karkarwar inji takan biyo ƙarfe ta faɗa masa abin da kunne ya daina faɗa. Duk wanda ya yi masa magana cikin hayaniyar tasha, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Tsoronsa ɗaya, ranar da direbobi za su gane. Bakanike mai shekara sittin da huɗu, da kunne aka san shi, in aka ce kunnen ya tafi, wa zai sake tsayawa a gindin darbejiya?

Wata Talata da hantsi, Malam Idris, ciyaman ɗin direbobi, ya iso da zuga, suna rakiyar wata farar mota mai ƙofa huɗu. Wata budurwa ce ke tuƙa ta, sunanta Ilham, injiniya ce, 'yar wani ma'aikacin gwamnati a Unguwar Sarki. Ita da abokan karatunta uku suka kafa ɗan kamfani, suna harhaɗa motocin lantarki masu sauƙin kuɗi a wani tsohon sito. Shida suka haɗa, ba su sayar da ko ɗaya ba. Manyan mutane sun yaba, sun ɗauki hoto a jikinta, sun koma cikin jif ɗinsu. Saura 'yan tasi, waɗanda tsadar fetur ta sa suka koma kashe mota a gangara. Ta yi musu bayani har muryarta ta dushe, suka saurara da ladabi, suka ce, "To, Hajiya, sai Baba ya ji."

Malam Idris ya sunkuya ya ce, "Baba, ta lantarki ce fa, ba ta shan mai." Daidai lokacin wata tirela ta danna hon a kan gada. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne."

Aka buɗe bonet. Ya ga baƙar roba ta rufe komai, da wasu wayoyi masu kauri ruwan lemo. Bai damu ba, motocin zamani duk haka suke, suna rufe cikinsu kamar masu jin kunya. Ya ɗaga wa Ilham hannu alamar ta tayar. Ta danna maɓalli, fitilu suka kama, ta ce, "Ta tashi, Baba."

Ya dafa sukundireba, ya kafa kunne. Shiru. Ya matsar da ita gefe. Shiru. Ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe, hannun da bai taɓa yaudararsa ba, ya ji sanyi kawai. A ransa ya ce, yau hannun ma ya bi kunne. Ga mutum goma sha biyar sun kewaye shi, kowa ya yi tsit yana jiran hukunci. Ya lumshe ido kamar yadda ya saba, ya daɗe, ya nemo ciwon da ba a rasa shi a jikin kowace mota, ya ɗago da natsuwar likita.

"Ba laifi. Amma fulogi ɗaya yana son canji."

Sagir, direban da bakinsa ba ya rufuwa, shi ya fara zubewa a kan tsohuwar taya. "Fulogi! Wayyo cikina! Baba, motar da ko tankin mai ba ta da shi?"

"Rufe mana baki, marar kunya," in ji Malam Idris, alhali shi ma kafaɗunsa rawa suke yi a cikin babbar riga.

Baba ya tsaya da sukundireba a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Ilham ba ta yi dariya ba. Ta fito ta buɗe masa ƙofar gaba, ta matso kusa da kunnensa. "Baba, laifina ne, ban yi maka bayani ba. Wannan ba ta da murya. Shigo mu zaga, ka ji ta a hanya."

Ya shiga don ya ɓuya daga idanu. Malam Idris da Sagir suka faɗa baya. Aka ɗaga gilashi, motar ta zame kamar kwalekwale a ruwan safe. Kawo tana wucewa ta taga, masu lemo da masu a-daidaita-sahu duk baki a buɗe, amma a ciki ba ruri, ba karkarwa. Rabon Baba da zama a wuri mai shiru haka tun yana kiwon awaki.

A cikin shirun nan ya ji Sagir yana magana ƙasa-ƙasa, irin yadda suka saba yi a gabansa a gareji. "Ciyaman, yau fa asiri ya tonu. Shekara biyu muna rufa wa tsohon nan."

"Ai hannunsa bai taɓa kuskure ba," in ji Malam Idris. "Mu ina ruwanmu da ta ina yake ji?"

Baba bai waiwaya ba. Ya ce, "Sagir, ina jin ka."

Sagir ya kusa haɗiye goronsa. "Baba, ai addu'a nake maka."

"Addu'arka ta bi ka gida."

Ya juya fuska wajen taga, ya daɗe yana kallon shagunan Unguwar Sarki, yana ƙifta ido da sauri. Da ya gama, sai ya cire takalmi, ya dafa tafin ƙafa a daɓen motar. "'Yata, bar kwalta. Shiga layin nan na hagu, inda ruwa ya ci."

Ta shiga. A rami na biyu cikin motar ya goga ƙasa. Baba ya ce, "Kin ji? Kun yi ta don titin gidan gwamnati. Waɗannan mutanen fasinja huɗu suke lodawa a baya, da buhun masara a but. Ku ɗaga ta yatsa uku, ku sa mata shokozoba mai ƙarfi. In an ɗauke wuta kwana biyu kuma, a ina za ta ci abinci?"

"Za mu kafa sola a tasha, in ciyaman ya ba mu wuri."

"Rubuta, kada ki manta."

Ta tsaya a gefen hanya ta rubuta a wayarta, har da yatsa ukun.

Da suka dawo, zugar tana nan ba ta watse ba. Baba ya fito ba takalmi, ya gyara murya.

"Injin nan ban san shi ba. Ba zan yi muku ƙarya sau biyu a rana ɗaya ba. Kunnena kuma ya tsufa, ashe kun riga kun sani, 'yan banza. Amma ƙafafunta da birkinta na sani, kuma yarinyar nan tana jin magana. In ta gyara abin da na ce, mutum ɗaya ya karɓa ya gwada wata guda, duk Asabar ya kawo mini in shiga ƙarƙashinta."

Malam Idris ya duba jama'a. "Wa zai fara?"

Kowa ya shiga kallon ƙasa. Baba ya nuna da sukundireba.

"A ba Sagir. Ko fasinjojinsa sa huta da ƙarar abu ɗaya, a bar su da ta bakinsa."