Mushe Zarami, Mai Koya wa Na'ura Karatun Kogi

Kowace safiya, kafin kasuwar Diffa ta buɗe, Mushe Zarami, wato Malam Zarami, yakan tura kekensa zuwa lakkwal, makarantar injiniyoyi, bokitin roba a bayansa cike da wayoyi da ƙananan na'urori. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, sai ya fitar da ɗalibai gindin itacen bedi a ci gaba da darasi. Shekara da shekaru abin da yake koyarwa ke nan: yadda na'ura mai girman kwalin ashana za ta auna ruwa, ta aika labari ta salula, kuma ta koyi gane abin da ke tafe daga abin da ta saba gani.

"Ba wayo gare ta ba," yakan ce musu. "Abin da kuka nuna mata shi za ta sani. Ku nuna mata gaskiya."

Tare da ɗalibansa ya dasa na'urorin a bakin kogin Komadugu, don su faɗa wa manoman tattasai in ambaliya na zuwa. Amma a ƙasar da ta ga tashin bama-bamai, akwati mai waya da batir abin tsoro ne. Mutane suka tumɓuke su, suka jefa a ruwa. Ɗaya kaɗai ta tsira, a gonar Babagana, wani dattijo na Gagamari, saboda 'yarsa Raliya ɗalibar Mushe ce, ita ta zauna ta yi masa bayani.

Da damina ta yi nauyi, na'urar ta aiko saƙo. Babagana ya kwashe injin ban-ruwansa da buhunansa, ya bi maƙwabta yana cewa, "Ku tashi, ruwa na tafe!" Kaɗan suka saurara. Da kogin ya cika ya tumbatsa, gonaki suka nutse da kayan waɗanda ba su tashi ba.

Har yau Mushe bai zargi kowa ba. "Laifina ne," ya ce wa Raliya. "Na yi ta koya wa na'ura, ban zauna da dattawa na koya musu ba. Da na fara da su, da tattasan nan bai tafi ba."

Bana ya ajiye aiki. Idanunsa sun raunana, ba ya iya ganin siraran wayoyin da ya ƙware a haɗawa. Yawancin ɗalibansa sun tafi Yamai neman aiki. Raliya ce ta tsaya, tana bin ƙauyuka da na'ura a hannu, tana fara gaisuwa kafin bayani.

Mushe Zarami, kai ne malamin da garin nan bai gane ba sai da ruwa ya shiga gona. Ka cancanci fiye da abin da ka samu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya. Ku kuma matasan da kuka yi karatu, ku dawo gida. Ku je ku gaishe shi tun yana iya gane fuskokinku, ku karɓi aikin daga hannunsa.