Saƙon da Ya Rame a Hanya

Idan an gama kai gero rumbu, Iya Gambo takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta bayan sallar magariba. Kakata ce ta wajen uba, a wani ƙauye kusa da Gwiwa. Tana gasa mana gyaɗa a toka tana magana, tafin hannunta duk kanta. Ita ta yi noma a gayaunarta, ta ɗauki kayanta a ka zuwa kasuwa. Mahaifiyata kuwa ba ta fita, daga cikin gida take sayar da ƙuli-ƙuli. Iya takan dube ta ta ce, "Uwarku dai ko 'yar gata ce ko 'yar ɗaure, ni ban gane ba."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Sai ta ce, "To, ku ajiye baki, ku miƙo kunne."

Wai wani gari ne mai rijiya ɗaya. Mata ke ɗiban ruwa, don haka su suka fara lura kowane wata sai an ƙara wa igiyar guga tsawo. A garin mace ba ta zuwa inda dattawa ke shawara. Sai wata tsohuwa ta gaya wa mijinta, "Rijiya za ta ƙafe kafin bazara, a haƙa wata." Mijin ya ji nauyin kai wa manya magana haka tsirara, ya ce wa mai unguwa ruwa ya ɗan yi ƙasa. Mai unguwa ya ce wa dagaci mata na kukan wahalar ja. Dagaci ya yi dariya, ya aiko musu da sabuwar igiya, doguwa, mai kyau.

"Suka yi guɗa?" in ji ƙanwata Rabi, tana ƙarama a lokacin.

"Suka yi mana, 'yar nan. Wa zai ƙi guɗa an ba shi kyauta?"

Bazara ta zo, guga ya fito da laka. Garin ya watse, mata na gaba da tuluna babu komai a ciki. Nan Iya takan karkaɗe zani ta ce labari ya ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa. Ni kuwa in kwanta ina jin haushin mazan nan uku.

Iya ta rasu ina jami'a. Ban sani ba ko za ta yi murna da abin da na zama. Yau ni kaɗai ce mace a kwamitin ci gaban ƙauyenmu, ni ce ma magatakarda. Ina da kujera a tsakiyar dattawa, abin da ko a mafarki ita da mahaifiyata ba su samu ba. Mutane na cewa zamani ya canja, kuma ina jin akwai gaskiya a ciki, ko da ba duka ba.

Bana aka ce mu zaɓi aiki ɗaya da za a yi mana. Mata suka taru a gidanmu, har tsakar gida ta cika. Maganarsu ɗaya ce: a gyara ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitinmu. Rufinsa ya yaye, ma'aikaciyar ta daina zuwa. Da damina rafi yakan yanke hanyar Kazaure, inda babban asibiti yake, babur ba ya haurawa. Wata dattijuwa ta kama hannuna ta ce, "Binta, ke kika yi boko. Ki gaya musu a bakin rafin nan 'yata ta cika. Ki faɗa musu haka, kada ki shafa masa mai."

Rabi na zaune a gefe da cikinta na fari.

Ranar zaman, shugaban kwamiti, Baba Sale, wanda abokin mahaifina ne, ya kawo batun rumfunan kasuwa. Kowa ya gyaɗa kai. Da aka zo kaina, na dubi dattawan. Mutanen da nake durƙusa wa in gaishe su tun ina yarinya, yaya zan ambaci naƙuda a gabansu? Na ce, "Ranku ya daɗe, iyayenmu mata suna ganin wataƙila, idan da hali, a ɗan duba asibiti."

"Madalla, 'yata," in ji Baba Sale. "Za a sa a share shi, a yi masa fenti. Rubuta rumfuna."

Na rubuta da hannuna.

Da na koma gida Rabi na tsince wake. Ta ce, "Yaya, me suka ce?"

"Ana kan dubawa."

Ta daɗe tana kallona. "To, Allah ya sa a duba kafin rafi ya kawo."

Tun ranar nake tunanin mijin tsohuwar nan. Da ina ɗauka mugu ne. Yanzu ina zaton kunya ce kawai da tsoron manya, irin nawa. An ba ni kujerar da aka hana kakata, na kai saƙon mata da kaina, ya kuma rame a bakina.

Na koma wurin Baba Sale shekaranjiya, na faɗi maganar yadda aka ba ni ita. Ya ce an riga an yanke, in sa hannu a takardar amincewa da rumfuna ko in bar wa wani kujerar. Idan na bari, babu sauran mace a ciki. Idan na sa hannu, ban san amfanin zamana ba.

Takardar tana cikin jakata, ban sa hannu ba, ban kuma mayar ba. Jiya aka yi ruwa mai ƙarfi, kuma watan haihuwar Rabi ya kama.