Ranar da Muka Danne Dariya a Zauren Baba

Akwai wata ranar Asabar a Getso da har gobe ba ta fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita.

A unguwarmu akwai wani dattijo da muke kira Baba, wanda ya yi suna a wasan barkwanci na talabijin tun muna samari. Yana fitowa ne a matsayin wanzami mai tsoron jini. Bai iya boko ba, don haka ni nake mayar masa da rubutun wasan zuwa ajami ya haddace. Da tsufa ya zo, sai ya dawo gida ya kama noman wake.

Bayan shekaru, gidan talabijin ya ɗauko tsofaffin rubuce-rubucen nan ya sake wasan da wani saurayi ɗan Kabo. Ranar da za a nuna kashi na farko, saurayin ya zo ya durƙusa ya gaida Baba. Ya ce tare da shi yake so ya kalla, in Baba bai gamsu ba, zai koma ya ce a nemi wani.

Bayan la'asar aka fito da talabijin zaure, aka tayar da janareta, maƙwabta suka cika wurin. Ba wanda ya shirya da wani, amma tunaninmu ɗaya: rashin kara ne a yi wa wanda ya maye gurbin mutum dariya a gabansa. Kowa ya zuba wa fuskar Baba ido, shi kuwa leɓensa kawai ke motsi.

Aka zo inda wanzamin ya rufe ido don kada ya ga jini, ya kafa ƙaho a wuyan ɗan rakiya maimakon mara lafiya. Wallahi yaron ya iya. Na ga ladaninmu ya cusa bakin rawani a baki, wani tela ya fita wai zai yi tari. Haka aka gama shiru kamar zaman makoki. Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce ya gane, Allah ya huci zuciyar Baba, ya fara laluben takalminsa.

Baba ya ce ya zauna. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya rasu ne ba a gaya mini ba?"

Ladan ya ce ai gani muka yi shi bai yi dariya ba.

"Malam, ni da na san abin da zai faɗa tun bai buɗe baki ba? Bin sa nake ina ji ko zai yi tuntuɓe, bai yi ba. Ku ne ma'auninsa, kuka zo kuka yi masa rowa."

Sai ya sa aka ɗauko tsohuwar zabirarsa, ya miƙa wa saurayin, ya ce ya maimaita wurin nan a gabanmu, ladan ne ɗan rakiya. Ƙahon bai kai wuyan ladan ba zauren ya kece, har matan gida suka leƙo. Baba ya gyara masa abu ɗaya kawai, ya ce ya riƙa jinkirtawa kafin ya buɗe ido, sannan ya sa masa albarka.

Tun daga ranar na gane cewa karar da za ta tauye wa wani haƙƙinsa ba girmamawa ba ce. In mutum ya yi abin yabo, a yaba masa yana wurin, ko a gaban wa ake.