Ranar da Aka Ɗauke Wuta Ina Sama da Surukina

Wata huɗu da aurena aka yi ƙaramar Sallar da wani ɗan kasuwa ya kawo kayan wasa Kankia. Fili ya samu a bakin gari, ya kewaye da langa-langa, ya kafa dawakan roba masu zagaye, da ɗan jirgin ƙasa na yara, da wani ƙaton lilo mai kama da tayar keke a tsaye, an rataya masa kwandunan ƙarfe, kowane na ɗaukar mutum biyu. Ba mu taɓa ganin irinsa a garinmu ba. Daga Rimaye, daga Boko, daga Kusada mutane ke ta ɓullowa, 'yan acaɓa na ɗauko huɗu-huɗu.

Lokacin ina koyarwa a firamare. Matata 'yar Kusada ce, kuma mahaifinta manomi ne mai kwarjini, ba ya son wargi. Tun da na fara neman aure ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In na je, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi, in tashi. Washegarin Sallah da muka je gaisuwa, wani maƙwabcinsa ya kawo zancen lilon. Surukina ya yi tsaki ya ce, "Shirme. Wanda Allah ya aje bisa ƙasa, mi zai nema sama?"

Na ce, "Gaskiya ne, Baba," kaina a sunkuye. Alhali ni kwana biyu ke nan raina na kan lilon.

Rana ta uku, bayan azahar, na ce wa matata zan je gaida wani abokina. Na sa takunkumin fuska da baƙin tabarau, don kada ɗalibaina su ga malaminsu a layin lilo. Filin ya cika maƙil. Ga masu tsire, ga matan Fulani da ƙwaryar fura da nono, ga lasifika na ta amon waƙa. Na daɗe a layi kafin a zo kaina. Mai kula da lilon, wani gajere mai usur a wuya, ba ya tambayar wa ke tare da wa. Ya tura ni cikin kwando, ya turo wani dattijo da ya naɗe fuskarsa da rawani har hanci, ya sa sakata.

Muka tashi. Na ga kawunan mutane na ƙanƙancewa. Muna kaiwa can ƙololuwa, sai waƙa ta yanke, lilon ya yi ƙara ya tsaya cak. Daga ƙasa jama'a suka haɗa baki: "An ɗauke!"

Dattijon da ke gefena ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ko cikin barci na san wannan murya. Surukina ne. Na yi tunanin in yi shiru har a sauke mu, amma tarbiyya ta riga hankali. Kafin in ankara na cire takunkumi, na zame daga kujera zan durƙusa.

"Baba, ina wuni..."

Kwandon ya karkata ya yi baya, ya dawo. Surukina ya rungume ƙarfe da hannu biyu.

"Zauna! Zauna, Malam! Kada ka gaishe ni!"

"Baba, an yi Sallah lafi..."

"Na yafe! Wallahi na yafe gaisuwar! Zauna kar ka kashe mu!"

Na koma na zauna. Sai na tuna da takalmi a ƙafata a gaban suruki, na sunkuya a hankali na zare. Ɗaya ya suɓuce ta tsakanin ƙarafa. Muka bi shi da kallo har ya faɗa tsulum cikin ƙwaryar nonon wata Bafulatana. Ta ɗaga kai ta fara zazzaga faɗa da Fulatanci tana nuna sama da ludayi. Ni da surukina muka janye kawunanmu lokaci ɗaya.

Shi yana kallon gabas, ni ina kallon yamma. Kwandon kuwa ƙarami ne, gwiwata na gogar tasa, ba inda zan kai ta.

A ƙasa mai usur na ta ɗaga hannu yana cewa kowa ya kwantar da hankali, akwai janareto. Aka ja igiya, aka ja, ya yi tari ya mutu. Ashe babu mai. Aka tura ɗan acaɓa da jarka. Kafin ya dawo, iyaye sun gaji da kukan yara, sun kama tura dawakan roba da hannu, wani mai tsire ma ya bar tukubarsa yana jan jirgin ƙasa kamar sa a gona. Da mai ya iso, janareto ya tashi, jama'a suka yi sowa. Amma ƙarfinsa bai wuce na lasifika ba. Waƙa ta dawo, mu kuwa ko gezau.

Surukina ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wato kiɗa za su yi mamu mu mutu."

Dariya ta taso mini, na danne ta da tari.

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya lalubo ta da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ƙarfe. Surukata ce, ina jin muryarta tana tambayar ina ya shiga tun hantsi, ga baƙi na jira. Surukina mutum ne da ba ya ƙarya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ina Kankia. Ina tare da Malam, mijin ɗiyarki. Muna zaune wuri guda, ba mu da halin tashi yanzu."

Ta ce, "Ikon Allah! Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Magana ce ta sama."

Bai daɗe da kashewa ba tawa ta ɗauka. Matata ce, uwarta ta riga ta kira ta. Ta ce me na yi wa Baba har ya taso takanas. Na ce ban yi komai ba, haɗuwa muka yi. Ta ce a ina? Na ce a hanya. Surukina ya kalle ni ta gefen ido, karo na farko a rayuwata, ya ce, "Hanya dai."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya nuna mini inda hanyar Kusada ta miƙe, da gonakin da aka share ana jiran ruwa, da wani garken shanu da ke tafe kamar an watsa farin wake. Ya ce tun yana saurayi da ya faɗo daga kan ɗorawa bai ƙara hawa abin da ya wuce rumbu ba. Amma duk alhajin da ya dawo sai ya ba shi labarin yadda ƙasa take daga jirgi, shi kuma Allah bai kira shi ba tukuna. "Na ce bari in leƙa ko kaɗan, in ga abin da nike nomawa shekara da shekaru." Ya sake duban gonakin. "Ashe duk abin da muke faɗa a kan iyaka, daga nan ko ganin iyakar ba a yi."

Yunwa ta fara cin mu. Ya zaro ƙullin dabino, ya tsaya yana jujjuya shi. Suruki ba ya ci a gaban suruki, mu duka mun sani. Can ya ce, "Malam, dubi wajenka." Na juya. Na ji an tura mini dabino uku a tafin hannu ta baya. Haka muka ci, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya, muna tara ƙwallayen a aljihu don kada mu ƙara jawo faɗan Bafulatana.

Da aka kira la'asar haƙurin jama'a ya ƙare. 'Yan acaɓa da masu dako suka samo igiya suka ɗaura a jikin lilon, suna ja suna "Ya Allah!", ana sauke kwando ɗaya bayan ɗaya. Muka riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan. Saura kwando ɗaya a zo kanmu, har surukina ya gyara rawani ya miƙa ƙafa, sai aka kawo wuta. Mai usur bai kashe makunni ba tun ɗazu. Lilon ya zabura, masu igiya suka watse, muka wuce ƙasa a guje muna ganinta, muka sake yin sama.

"Ku tsai da shi! Ku tsai da shi, don Allah!" Surukina ke nan, ya damƙe hannuna, rawani ya warware yana kaɗawa kamar tuta.

Sau biyu muka zagaya kafin mai usur ya kai ga makunni. Ko da muka sauko, fuskar surukina a buɗe take, kuma rabin masu jan igiya 'yan acaɓan Kusada ne. Ɗaya ya ce, "La! Baba, ku ne?" Surukina ya ce, "A'a, kakanka ne." Mai usur ya matso yana ba da haƙuri, wai gobe mu dawo mu hau kyauta. Surukina ya dube shi sama da ƙasa, ya wuce wajen alwala.

Na biya Bafulatana nononta, na karɓi takalmina yana ɗiga. Bayan mun yi salla na ɗauki surukina a babur zuwa Kusada. Labari ya riga mu isa. Tun daga bakin kasuwa ake ɗaga mana hannu ana "Sannunku da sauka!" Surukata na tsaye a zaure ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Daga baya ya mai da abin labarin majalisa. A bakinsa, shi ya je Kankia ne don ya ga shirmen da idonsa, ni kuma na yi ta kuka a sama yana ba ni baki. Kowace shekara lilon na ƙara tsawo, kukana na ƙara yawa. In ina wurin sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, Malam?"

In ce, "Haka aka yi, Baba."