Danyar Mamayila

Ƙarfe shida na safe ba ta taɓa riskar Tsatsawani a ɗaki ba. Kafin rana ta leƙo ta shimfiɗa tabarma a gindin bango, ta jingina wayarta da tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, ta ɗauko 'yar gwangwanin tabar shaƙa ta ajiye a cinya. Mutanen ƙauyen ba sa kiranta da sunan yanka, N'wa-Risenga suke cewa, wato 'yar Risenga, ko da yake ta haura tamanin kuma Risengan ya daɗe da zama ƙasa.

Shirin da take jira na masu yawon daji ne. Safe da yamma motarsu mai kyamara takan shiga gandun dabbobin da ke bayan shinge, ta watsa wa duniya duk abin da ta ci karo da shi kai tsaye. Wani Bature mai suna Deon ne ke tuƙi yana surutu, masu kallo daga ƙasashe kuma suna turo masa tambayoyi. Ɗanta Magezi ma yana cikin aikin, sai dai ba a ganinsa. Shi ne mai bin sawu. Yakan riga su fita a ƙafa da rediyo a ƙugu, in ya gano inda dabba take ya kira, ya koma bayan kurmi ya tsaya don kada ya ɓata hoto.

Maƙwabciyarta Nyanisi takan tsallako da kofin shayi, ta zauna ba tare da an ce mata ta zauna ba.

"Yau ma mijinki Deon ya tashi lafiya?"

"Rufe mini baki, ga zakuna na barci."

"To ke da zakuna? In barci kike son kallo zo gidana, ga mijina Hasani can ya baje tun jiya."

Ba ruwan N'wa-Risenga da zakuna. Raƙumin dawa, ɓauna, karkanda, duk sai ta bar su su wuce tana tsince geɗa. Abu guda take jira: motar ta gangara busasshen rafi, ta hau tudun jar ƙasa, kyamara ta ɗaga zuwa wata babbar danya mai reshe ɗaya da ya miƙe kamar hannun mai nuna hanya. Masu kallo suna ce mata danyar Gavaza, saboda wata damisa mai wannan suna da ke rataye namanta a kan reshen. A gindin wannan danya aka binne Mamayila, mahaifiyar N'wa-Risenga.

A kan wannan tudu aka haife ta, lokacin da gidaje tara ne a wurin, da shanu da gonakin masara. Mamayila ce gwanar giyar nunu a duk yankin. In danya ta zubar da 'ya'ya a watan Fabrairu, har daga ƙetaren rafi ake zuwa shan tata. Zazzaɓi ya ɗauke ta shekarar da aka yi wa Tsatsawani aure. Ranin da ya biyo baya manyan motoci suka zo da 'yan sanda da takarda, aka ce ƙasar ta zama ta dabbobi. Risenga ya cire ƙyauren ɗakinsa ya ɗora a ka. Wannan ƙyaure ne har yau a ɗakin girkinta.

Sun bar duwatsu a kan kabarin, amma giwaye suka watsar da wasu, motar gyaran hanya ta kwashe sauran. Itacen kaɗai ya rage shaida.

Sauran iyalan da aka tasa sun bi al'ada tun da wuri. Kowa ya yanki reshen magaryar kura, ya nemi izini ya shiga gandun, ya kira mamacinsa ya hau reshen, ya kawo shi sabon mazauni. N'wa-Risenga ce kaɗai ta ƙi.

"Wanda zai koma gida ba ya kwaso kaya," in ji ta. "Mhani tana tsare mana wuri." Mhani, wato uwa da yarensu.

Haka ta faɗa lokacin da mijinta ya dawo daga ramin zinariya na birnin Joni da tarin da ya kashe shi. Haka ta faɗa shekarun da ta yi tana tsinkar lemo a gonar wani. Daga baya ta sami aikin wanki a wani masaukin baƙi a cikin gandun, shekara goma sha huɗu tana shanya zannuwan gado, kabarin uwarta bai fi tafiyar rabin awa ba, amma doka ta hana ma'aikaci taka ƙafa bayan ɗakin wanki. Sau ɗaya a shekara ake ba ta takarda ta je da mai bindiga a bayanta yana duba agogo. Da mulki ya sauya aka ce kowa ya rubuta ƙasar kakanninsa, ta dangwala yatsa tare da dattawa bakwai. An yi taro a makaranta, an yi a coci, an zo da taswira. Dattawan bakwai duk sun mutu, ƙasar ba ta dawo ba.

Da gwiwoyinta suka gaza hawa mota, Magezi ya kawo mata wayar. Ranar da ta fara ganin danyar a ciki, sai ta durƙusa ta barbaɗa taba a ƙasa gaban tukunyar, ta tafa hannu a hankali, ta gai da uwarta. Nyanisi ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta, ta ce yanzu kakanni ma sai an yi musu caji. Amma washegari ita ma ta zo da tata tabar.

A ranin shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, N'wa-Risenga ta lura da wani jan tabo a jikin itacen, inda giwa ta ɓare ɓawo. Bayan mako biyu tabon ya kai faɗin ƙyaure. Da Magezi ya zo hutu ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Na ga suna naɗa wa wasu itatuwa ragar ƙarfe. Ka ce su naɗa wa tamu."

"Zan faɗa, Mhani."

"Da bakin nan naka da sai an sa cokali an buɗe?"

"Na ce zan faɗa."

Ta zuba masa tuwon masara da miyar ganye da geɗa, ya ci kansa a sunkuye. Mutum ne mai shekara hamsin da biyar, wanda ke iya duban ƙasa ya faɗi awa nawa da wucewar damisa da ko ta ƙoshi, amma gaban uwarsa ko gaban manaja sai harshensa ya yi nauyi.

Wata biyu suka wuce, ba raga.

Wata safiyar Talata a watan Satumba motar ta hau tudun. Gavaza ba ta nan. Wani toron giwa ne tsaye a gindin danyar, haurensa ɗaya karyayye. Ya ɗaga hanci ya laluba reshen, bai kai ga abin da yake so ba. Sai ya matsa ya kafa goshi a jikin itacen.

Deon ya rage murya don murna. "Jama'a, ku zuba ido, ba kullum ake dace da wannan ba. Ku dubi ƙarfi!"

N'wa-Risenga ta ture farantin geɗa. "Kai! Tafi can! Kai!" Ta ɗauki murfin tukunya tana bugawa da cokali, yadda suke korar giwaye daga gona tana yarinya. Kajin gidan suka watse. Giwar ta ja baya taku ɗaya ta sake turawa.

"Deon, ka danna mata ƙaho mana! Kana da mota! Magezi! Ina Magezi?"

Nyanisi ta riƙe mata hannu. "Ba sa jin ki, N'wa-Risenga."

A turi na huɗu aka ji ƙara kamar an fasa itacen girki, ta fito siririya daga 'yar wayar. Danyar ta karkata a hankali, ta kwanta, saiwoyinta suka ɗago jar ƙasa. Da ƙura ta lafa, giwar ta zagaya ta ciro saiwa guda tana tauna. 'Yan jajayen zukata suka yi ta tasowa a gefen hoton. Deon ya karanta tambayar wata mata daga Kanada, wadda ta ce ta yi kuka, tana son sanin inda Gavaza za ta riƙa cin abinci yanzu. Ya ce kada ta damu, daji cike yake da itatuwa, kuma wannan ma zai zama gidan gara da ƙadangaru, ba abin da ke ɓata a daji. Sai motar ta juya, an ce an ga karnukan daji a gabas.

Da rana tsaka Magezi ya shigo da kakin aiki, ba ranar hutunsa ba. Ya tsuguna a bakin tabarma ya cire hula.

"Kana wurin?"

"Ina bayan suri, Mhani. Ina kallo."

"Ka faɗa musu?"

"Na yi maganar raga sau ɗaya. Suka ce in aka naɗa Gavaza ba za ta hau ba, kuma ba ta kyau a hoto. A bari ta yaye 'ya'yanta."

"Ka ce musu kakarka na ƙarƙashi?"

Ya murza hular. "Masu kyamara ba su sani ba. Na ga in na faɗa, ko a rufe wurin in zama ni na raba su da damisarsu, ko kuma su mai da Kokwana, kakata, labari, kullum a tsaya a kanta ana nuna wa duniya. Na rasa wanda ya fi. Sai na ce gobe."

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, sai ta ga furfurar da ke kansa, ta sauke.

"Kwana nawa kafin wurin ya ɓace?"

"Giwaye za su cinye rassan cikin mako. Gara ta ci gangar. Damina biyu ko uku, ciyawa ta rufe." Ya ajiye hular. "Ni zan gane wurin muddin ina raye."

"Muddin kana raye," ta maimaita.

Sai da inuwa ta juya, sannan ta ce ya nemo takarda, ya nemo mota mai ƙasa-ƙasa da za ta iya hawa, ya yanko mata magaryar kura.

Ranar Asabar suka shiga. Ta ɗaura shuɗin mayafinta na biki a kafaɗa. Magezi ya ciccibe ta ya sauke a kan tudun, ta tsaya tana dube-dube. Wurin ya fi yadda waya ke nunawa ƙanƙanta. Warin kashin giwa da ɗanyen itace ya cika ko'ina. Ta rarrafa zuwa bakin ramin da saiwoyi suka bari, ta zuba taba, ta zuba 'yar giya, ta ɗora reshen a ƙasa.

"Mhani, ni ce Tsatsawani. Na ce miki ki jira, za mu dawo. Ƙarya na yi miki ban sani ba. Tashi mu tafi."

Daga nan doka ta hau kanta: mai ɗauke da reshe ba ya waiwaye, ba ya magana da mai rai sai ya isa gida. Magezi ya koma bayan mota, aka bar wa Mamayila kujerar tsakiya. N'wa-Risenga tana riƙe da gindin reshen, ƙaya na sukar yatsunta, tana faɗa mata hanya ƙasa-ƙasa. Ga rafi, Mhani, za mu tsallaka. Nan ne gonar su Mujaji a da. Riƙe da kyau, akwai gargada.

A wata kwana suka yi kiciɓis da motar kyamara. Ba ta taɓa ganinta daga waje ba: tsohuwar mota ce mai ƙura, da dogon ƙarfe a baya, mai kyamarar yana hamma. Deon ya taka birki, fuskarsa a washe.

"Jama'a, wannan fa mahaifiyar Magezi ce, mutumin da ke nemo muku duk damisar da kuke gani! Kokwana, kakarmu, ki gai da duniya mana!"

Kyamarar ta fara juyowa. N'wa-Risenga ta kafa ido a gaba. Sai ta ji muryar ɗanta daga baya, da ƙarfin da ba ta taɓa jin ya yi wa Bature magana da shi ba.

"Kau da ita. Muna ɗauke da gawa."

Deon ya dubi reshen. Ya sha ba masu kallo labarin magaryar kura duk sanda ya wuce ta. Murmushin ya bar fuskarsa, ya cire hula, ya yi wa mai kyamara alama. Kyamarar ta koma kan wata bishiya da babu komai a kai.

A bakin shinge mai gadi ya ɗaga sanda bai tambayi kowa takarda ba.

"Ga shingen, Mhani. Ba ki san shi ba, bayanki aka yi shi. Sunkuya."

A gida ta soke reshen a saman tsohon ƙyauren Risenga. Ta nuna mata ɗakin girki, da famfon da ba ya kawo ruwa sai ranar Alhamis, da kabarin mijinta, surukin Mamayila, a bayan gida. "Nan muke," in ji ta. "Babu danya, amma akwai inuwa da yamma."

Washegari ƙarfe shida Nyanisi ta tsallako da kofinta. Tabarmar ba ta gindin bango, tana bakin ɗakin girki. Wayar na kan taga, a kife.

"Ba za a kunna ba? Mijinki Deon zai yi fushi."

"Ɗauka ki je ki kalla da Hasani."

Nyanisi ta dubi wayar, ta dubi reshen. Ta ajiye kofin, ta zauna, ta jawo farantin geɗar tsakaninsu.