Kwalbar da Inna ta binne

Salamu alaikum jama'a. Wata biyar ke nan ban saka ko hoton atamfa ɗaya a shafin nan ba. Masu cewa na yi fushi, da masu cewa na bar Yamai, duk ku zauna ku ji.

Abin ya fara kamar ƙwayar gujiya a gaban kunnena na dama. Ba ciwo, ba zazzaɓi. Na ce hangum ne, na shafa man zafi, na ja kallabi na rufe. Shekara guda ina wannan wauta.

Sai ranar da wata mai saye ta tsaya a shagona na Babbar Kasuwa ta ce, "Hajiya, goro kika ɓoye a kumatu?" Na yi dariya, amma washegari na nufi asibiti.

Aka fara yawo. Hoton ekografi, awon jini, layi tun safe. Suka soka allura cikin ƙullutun suka zuƙo ɗan abu. Kuɗi kam sun tafi, har rabin kayan shago na karyar.

Likita ya ce ƙari ne a cikin naman da ke yin miyau. Na ce, "Ciwon daji ne?"

Ya ce, "Madam, allura ba ta iya faɗa mana. Irin wannan ƙari iri biyu ne masu kama da juna, mai lafiya da mugu. Sai mun ciro shi gaba ɗaya, labo, wato ɗakin bincike, su yanka su duba gefensa. In ya tsaya cikin fatarsa, shi ke nan. In ya kutsa naman kusa, akwai sauran aiki."

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. In auna yadi in manta nawa na auna. In ɗora tukunya in fita tsakar gida ina zagaye. Hannuna kullum yana kan wurin.

Aka yi fiɗa ranar Talata. Na farka da bandeji, bakina ya ɗan karkace. Likita ya ce jijiyar fuska ce ta ji jiki, za ta dawo.

Ashe ina cikin barcin magani, an fito da abin cikin kwalba da ruwan magani, an kira dangina, an miƙa wa mahaifiyata da takarda. Haka ake yi, dangi ne ke kaiwa labo da ƙafarsu. Ma'aikaciyar asibitin da ta miƙa mata ta yi bayani cikin sauri ta koma ciki. Inna kuwa kunnenta ya yi nauyi, kuma ba ta taɓa yarda ba ta ji magana ba. Sai ta ce "to".

Washegari likita ya zo zagaye ya ce, "An kai kwalbar?"

Na dubi Inna. Ta gyara mayafi ta ce, "Na gama da shi tun jiya."

"Kin kai labo?"

"Wane labo? Naman ɗiyata ne. Na binne shi, kamar yadda na binne cibiyarki."

Jama'a, ban san lokacin da na tashi zaune ba, da robar ƙarin ruwa a hannu. Innalillahi! Likita ya dafe kai. Ya ce in babu naman nan, ba wanda zai iya ce mini lafiya ko akasin haka. Sai dai in zauna ina jira in ga ko zai dawo.

Na ce, "Inna, kin kashe ni!" Har yau ina jin kunyar maganar nan.

Sai ta ce, "Da na buɗe murfin kaɗan, ruwan ya shiga mini ido da yaji. Sai na rufe, na binne shi da kwalbar."

Likita ya ɗago. "Da ruwan a ciki?"

"Da komi. Har takardar na naɗe a leda na sa masa."

Ƙanena Sani ya goya ta a moto, wato babur, suka nufi gidanmu a Kalley. Tsohuwar da ke tsoron moto! Awa ɗaya da rabi ina kan gado salula a hannu, ina kira yana katsewa. Ashe Inna ta manta ko gindin zogale ta binne ko bayan randa. Rami uku suka tona.

Suka sami kwalbar a bayan randa, murfi a rufe gam. Sani ya wanke ƙasar ya wuce labo, aka karɓa.

Sai jiran sati uku. Abinci bai shiga, zama bai yiwuwa.

Ranar da rezilta ya fito, likita ya karanta sakamakon ya yi murmushi. Ya ce adenom ne, wato ƙarin nan mai lafiya, wani iri da ba a cika gani ba, ya taɓa karantawa a littafi amma bai taɓa cirowa ba sai a kaina. Bai fita daga fatarsa ba, kuma an cire shi duka. Ba ciwon daji ba ne. Na fashe da kuka da karkataccen bakina.

Yanzu baki ya miƙe, na koma shago. Ina zuwa kontrol a duba ni lokaci lokaci.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci, da Sani, da maƙwabtan shago da suka riƙe mini kasuwa.

Don Allah, ƙullutun da ba ya ciwo ma a kai shi likita, kada a ja masa kallabi. Kada a bari kowa ya tsaga shi a gida. In za a yi muku fiɗa, ku tambaya tun kafin ku kwanta wa zai kai abin labo, ku faɗa masa sau biyu.

Ranar rezilta na roƙi Inna gafara a taksi muna dawowa gida. Da muka wuce unguwar Wadata, sai ta kama hannuna ta ce, "To yanzu da suka gama dubawa, su maido mana shi mana. Ramin na nan, ban rufe ba."