Gwajin da Babu Allura

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku.

Ban taɓa mantawa da ranar da masu awon karatu suka zo firamarenmu ta Ƙofar Na'isa ba. Lokacin ni ce mai shara da cika randuna. Aikinsu shi ne su zaɓi yara ta ƙuri'a, su saurari karatun kowanne, a jera sakamakon da na yaran wasu ƙasashe. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa, shi za a ji, ba musanye. In da yawa ba su zo ba, a cire makarantar daga lissafi.

Wadda abin ya tsaya wa a rai Malama Rabi ce. Ita ta buɗe ajin koyon karatu da Hausa bayan an tashi, aka kuma gaya mata in ba a ga amfaninsa a sakamako ba, za a rufe.

Hedimasta ya aika gidaje cewa gobe za a yi wa yara gwaji. Gari ya waye, bencunan aji wayam, ba yaro ko ɗaya. Ai a lungunanmu in ka ce gwaji, jini ake ji da allura.

Malama Rabi ta same ni, idonta ya kawo ruwa. "Iya Abu, ni baƙuwa ce a unguwar nan. Ke suka sani."

Na ja mayafi na bi gida-gida. Hajiya Tabawa, wadda mata ke bin bakinta, ta tare ni a tsakar gida. "Duk yaran Kano, jinin jikana ne ya yi musu?" Na rantse ba a ɗibar jini, ta ce rantsuwa ba ta hana allura shiga. Na ce to su biyo ni, ni za a fara yi wa.

Na zauna kan bencin yara, mata sun cika taga. Wani saurayi cikin masu awon ya miƙo takarda da ladabi. "Bismillah, Iya, karanta."

Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. "Ɗan nan, ni ƙudaje nake gani sun yi sahu."

Dariya ta ɓarke. Na ɗaga dantsena. "Tabawa, ina jinin?"

"Jini kam babu, amma kin faɗi warwas!"

Kafin azahar kowace ta janyo nata yaron makaranta.

Bayan watanni Malama Rabi ta kira ni ofis, ta buɗe kwamfuta. Sakamakon awon ne, wasu sanduna biyu tsaye kamar karan dawa. Ta ce gajeren na waɗanda ba su shiga ajinta ba ne, dogon na 'yan ajinta. Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Aji ya tsira.

A ranar na gane ba a auna karatun yaro sai uwarsa ta saki hannunsa.

Malama Rabi yanzu malamai take koyarwa. Hedimasta ya yi ritaya, bai ƙara cewa gwaji ba, sai "jin karatu". Tabawa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, jikan nata yana sakandare. Ni kuwa na ajiye tsintsiya, amma har yau in na ratsa lungu, sai ka ji mata suna cewa, "Sannu, Iya mai faɗuwa!"